A haɗa tauraron ɗan'adam da ma'aunin bakin gaɓa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan auna tsayin ruwan teku da taurarin ɗan'adam, kuma ina so in ja hankali kan abu guda.

Tun 1992 da aka harba tauraron TOPEX/Poseidon, taurarin nan suke aika sigina zuwa saman ruwa su lissafa lokacin dawowarta. A tsakiyar teku aikin yana kyau. Kusa da gaɓa kuwa, tudu kan gurɓata siginar, alhali nan ne mutane suke, nan ne kogi ke haɗuwa da ruwan gishiri. Tauraron SWOT da Amurka da Faransa suka harba a Disamba 2022 ya rage matsalar sosai, amma sai bayan kwana 21 yake kammala zagayensa, teku kuwa a yawancin gaɓoɓi sau biyu take cika ta janye a rana. Sannan ba ya nuna inda ƙasar gaɓar kanta take nutsewa.

Don haka ina roƙon gwamnatocin ƙasashen bakin teku su kafa ma'aunan ruwa masu na'urar GPS mai nuna nutsewar ƙasa a bakunan koguna, su horar da matasan da za su riƙa haɗa bayanan ma'aunan da na taurarin.

Naku,
Mai karatu