Wasiƙa Kan Neman Tallafin Rumfar Makaranta

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibanka. Saƙonka ya iso, kuma ka tambaye ni ko da gaske akwai masu ba da kuɗi saboda rumfa kawai. Akwai su, kuma ina so ka nema, domin yaron da ya wuni yana raɓewa a jikin bangon aji don gudun rana ba ya komawa darasi da natsuwa.

Masu tallafin nan sun daɗe da gane cewa inuwa batun lafiya ce. A Ostireliya, inda sankarar fata ta yi katutu, shirin SunSmart na kare fata daga illar rana ya fara tun 1988, har makarantu da yawa suka kafa dokar cewa yaron da bai sa hula ba, ba zai yi wasa a rana ba. A Amurka kuma ƙungiyar likitocin fata ta ƙasar tana ba makarantu har dala 8,000 don kafa rumfa mai ɗorewa. Ga kuma zafin da ke ƙaruwa: UNICEF ta ce a 2024 matsanancin yanayi ya katse karatun ɗalibai aƙalla miliyan 242, kuma tsananin zafi ne ya fi kowane dalili yawa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sharuɗɗan. Wancan tallafi na Amurka yana neman likitan fata ya tsaya wa makarantar, kuma a nuna an yi aƙalla shekara ɗaya ana wayar da kai kan illar rana. Makarantar birni tana da wanda zai cika fom, tana da intanet, likita kuma yana bayan layinta. Ta ƙauye fa? Shugabanta shi ne malamin lissafi, shi ne magatakarda, wani lokacin shi ne mai gadi. Sai kuɗin ya tafi inda aka iya rubutu, ya bar inda rana ta fi dukan yara. Saboda haka takardarka ce za ta yi maka yaƙi.

Ka fita fili da tsakar rana ka ɗauki hoton yaran a inda suke fakewa. Ka faɗi yawansu, da faɗin filin da kake so a rufe. Idan akwai zabiya a cikinsu, ka ambata ba tare da suna ba, don fatarsu ce ta fi saurin ƙonewa, kuma haɗarin sankara ya fi yawa a kansu. Ka samo ƙiyasin kuɗi daga masu aiki biyu ko uku, ka haɗa da wasiƙar ma'aikacin lafiya mafi kusa da ku da ta kwamitin iyaye.

Kada ka nemi kuɗin rufi kaɗai. Yawancin rumfunan da ke faɗuwa, gindinsu ne ya ci amanarsu: an haƙa rami marar zurfi, an yi rowar siminti, iskar farko ta yi awon gaba da komai. Ka sa ginshiƙan ƙarfe da aikin walda da kuɗin gyara a cikin lissafi, ka kuma faɗi wanda zai riƙa duba ta. Rufin kwano yana tare rana sarai, amma idan ya yi ƙasa sai ya riƙa turo zafi a kan yara, don haka a ɗaga shi sama, a bar gefuna a buɗe iska ta ratsa. Ragar inuwa ta fi sanyi, sai dai tana yagewa bayan wasu shekaru. Kafin a haƙa rami, ka lura da inda inuwa ke faɗawa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma, lokacin da rana ta fi ƙuna.

Ni dai da zan ƙara 'yan dashen itatuwa da shingensu a cikin buƙatar, ko da mai tallafin zai soke su.

Ka rubuta daftarin ka turo mini kafin ka miƙa, mu duba shi tare. Ka gaida mutanen gida da abokan aikinka.

Naka amini.