Kun ƙirga takardun Farfesa Barthelmie, ba ku faɗi abin da ta gano ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na kimiyya na daren Asabar ya ɓata mini rai, kuma gara in faɗa muku da in zauna ina ta ƙunƙuni ni kaɗai. Da na ji an ambaci Farfesa Rebecca Barthelmie sai na gyara zama, na ce yau Bahaushe zai ji abin da ke faruwa a tashoshin wutar iska na cikin teku. Ashe lissafi za a karanto mana. Ta rubuta takardu kaza, masana sun ambace ta sau kaza, tana koyarwa a Jami'ar Cornell ta Amurka. Har shirin ya ƙare babu wanda ya ce ga abin da baiwar Allah nan ta gano. Haba, Edita!

Ni ma'aikaci ne a ɗakin lura da manyan fankokin da iska ke juyawa su samar da wutar lantarki, waɗanda ke cikin Tekun Arewa, a gabashin Ingila. Aikina zaman gaban allo. Kowace fanka da lambarta a jere, a gefenta ga adadin wutar da take bayarwa a wannan daƙiƙar. Ranar da iska ta miƙe daidai da layin fankokin, da idona nake ganin ta gaba tana aiki da ƙarfinta, ta biyu ta zube ƙasa, na bayanta su bi sahunta har ƙarshen layi. Sabon ma'aikaci in ya ga haka hannunsa na kan waya, zai ce a tada jirgin ruwa da masu gyara. Sai a ce masa, dakata, dubi ta inda iska take busowa tukuna. Babu abin da ya lalace. Ta gaba ce ta shanye ƙarfin iskar, ta bar wa ta baya ragowa mai rauni, mai hargitsi, wadda ke girgiza fikafikai tana gajiyar da ƙarfe. Duk wanda ya yi noman rani a ƙarshen magudana ya san zancen: na bakin madatsa ya ƙoshi da ruwa, kai kana jiran abin da ya rage.

To wannan shi ne aikin da ya ɗaga sunanta. Ita da abokan aikinta sun ɗebo ma'auni na gaske daga tashar Horns Rev ta Denmak, mai fanka 80 da aka kafa a 2002, da ta Nysted mai fanka 72, suka gwada da abin da lissafin kwamfuta ke hasashe. A Horns Rev tsakanin fanka da fanka mita 560 ne, faɗin fikafikanta sau bakwai, amma duk da wannan tazara ta baya ba ta tsira ba. A takardarsu ta 2009 sun bayyana cewa babbar tasha a teku tana asarar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na wutarta ta wannan hanya. Sun kuma nuna cewa sauƙaƙan hanyoyin lissafi da injiniyoyi ke dogaro da su suna ƙiyasta asarar ƙasa da yadda take, manyan na kwamfuta kuwa sukan zarce. Ko wannan kaɗai kuka faɗa, ai da mai sauraro ya tashi da wani abu a kansa.

Kuma ba zancen cikin aji ba ne, zancen kuɗi ne. Banki ba ya ba da rance sai an gaya masa wutar da tasha za ta sayar a shekarun da za ta yi tana aiki. A watan Oktoban 2019 kamfanin Ørsted, wanda ke kan gaba a wannan sana'a, ya fito fili ya rage hasashen wutar da tashoshinsa za su bayar, yana mai cewa tare iskar da fankoki ke yi wa juna ya fi yadda aka ƙiyasta. A tashar Lillgrund ta Suwidin an cusa fanka 48 kusa da juna, kowa a aikin nan ya san irin asarar da hakan ya jawo. Masu bincike na Jamus ma sun bi ta sama da jirgi sun auna, suka tarar raunin iskar yana miƙewa gomman kilomitoci a bayan tasha, har ya iya cin tashar maƙwabci. Akwai ma hoton nan na Horns Rev na Fabrairun 2008, inda hazo ya zana dogon farin layi a bayan kowace fanka. Da mai gabatarwa ya kwatanta shi da baki na minti ɗaya, da ko yaro ya gane.

Abin da ya fi ƙona mini rai ɗan yayata ne. Yana karatun injiniya a gida, ni na ce masa ya saurari shirin. Washegari ya bugo waya, tambayarsa ɗaya: "Kawu, yaya ake yi a samu mutane su riƙa ambaton takardar mutum da yawa?" Bai tambaye ni yadda ake auna iska a teku ba, bai tambaye ni me ya sa fanka ta biyu ke raguwa ba. Abin da kuka koya masa ke nan. Na daɗe a waya ina warware masa, ina gaya masa cewa ana ambaton matar nan ne saboda wanda zai jera fankoki a ruwa dole ya bi ta kan abin da ta auna. Yaranmu da ma ga su nan ana matsa musu su buga takarda ko ta halin ƙaƙa don ƙarin girma, sai kuma rediyon da suka yarda da shi ya ƙara musu ƙaimi.

Ina roƙonku ku maimaita shirin. Ku samo wanda ya san aikin, ku bar shi ya yi bayani da Hausa, ku ajiye lissafin nan gefe.

Sannan don Allah ku rage kiɗan da kuke sawa a ƙarƙashin muryar masu magana. Mu da muke sauraro ta intanet a waya, sau da yawa gangar ce ke danne ƙarshen jimla, ballantana idan baƙon ta tarho yake magana. Na taɓa rubuto muku a kan haka, shiru har yau.

Na gode.

Naku mai sauraro,
daga Grimsby, Ingila