Jan kunne ga 'yan'uwa mazauna Amurka kan asusun IRA

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in ja kunnen 'yan'uwanmu da ke neman abinci a nan Amurka, domin abin da ya kusa cin kuɗina kada ya ci na wani.

Ni direban tasi ne a Bronx, shekarata 44. A 2024 na buɗe asusun tanadin ritaya guda biyu, na IRA na gargajiya da na Roth, na zuba dala 7,000 a kowanne. A zatona kowane asusu da iyakarsa. Ashe dala 7,000 ɗin nan ita ce iyakar duka biyun a haɗe a shekarar 2024 ga wanda bai kai shekara 50 ba. Sai da na kai takarduna wurin mai cika mini fom ɗin haraji a watan Fabrairun 2025, ya duba, ya ɗaga kai ya ce, "Malam, ka zarce da dubu bakwai." Gabana ya faɗi.

Hukumar haraji ta IRS tana ɗora tarar kashi 6 cikin ɗari a kan rarar, wato dala 420 a wurina, kuma duk shekarar da kuɗin suka kwana a asusun sai an sake biya ta fom 5329. Mafita ita ce a cire rarar tare da ribar da ta haifa kafin 15 ga Afrilun shekarar da ta biyo baya, ko 15 ga Oktoba idan an nemi ƙarin lokacin miƙa fom ɗin haraji. Amma kada mutum ya je ya cire kawai kamar a na'urar ATM. Sai ka gaya wa kamfanin da ke riƙe da asusun cewa mayar da rara kake so, su lissafa ribar da kansu. Ni sai da na kira sau uku kafin na dace da wanda ya gane.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne ribar. Harajinta na shekarar da aka zuba kuɗin ne, wato 2024, alhali takardar 1099-R, wadda kamfanin ke aikowa da bayanin kuɗin da aka cire, ba za ta iso ba sai Janairun 2026. Na saka ribar a fom ɗina tun lokacin. Wani abokin aikina bai saka ba, yanzu ga shi yana fama da fom 1040-X na gyara.

Naku,
Mai karatunku daga Bronx, Amurka