A gyara yadda ake kafa ƙungiyoyin matasan manoma a ƙauyukanmu

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin mu yi magana a kan ƙungiyoyin matasan manoma na karkara. Duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin gwamnati za ta raba taki ko rance, sai ka ga samari sun taru a gindin bishiya, an rubuta sunaye, an zaɓi shugaba, an buga hatimi. Takin ya zo ko bai zo ba, kafin kaka ƙungiyar ta watse. Abin yana damunmu ƙwarai, domin irin wannan ƙungiya ita ce makarantar noma mafi araha da ƙauye zai iya mallaka.

Inda tsarin ya samo asali, da aiki aka fara shi. A Amurka, ƙungiyoyin da suka zama 4-H, babbar ƙungiyar matasan manoma ta ƙasar, sun faro ne wajen 1902, yara na gwajin masara a 'yan filayensu. A Ingila kuwa ta farko an kafa ta a 1921 a kan renon maruƙa. Kowane yaro yana da aikinsa na kansa da littafin da yake rubuta abin da ya kashe da abin da ya samu. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: muna da gandu, muna da gayauna, muna da gayya. Ƙungiya mai lafiya haɗin waɗannan ukun ce, sai a ƙara mata littafi.

A fara da mutum 15 zuwa 25, 'yan unguwa ɗaya ko ƙauye ɗaya, waɗanda za su iya haɗuwa a ƙafa. Idan suka wuce haka, rabi ne za su riƙa aiki, rabi su jira rabo. Shugaba, sakatare, ma'aji da mai kula da gona sun isa, a zaɓe su na shekara ɗaya. Sai uban ƙungiya, dattijon manomi da ake jin maganarsa, amma kada kuɗi su bi ta hannunsa, kada kuma ya zama mai neman kujerar siyasa. Dokokin kada su wuce shafi biyu, a rubuta su da Hausa ko da ajami, a karanta a bainar jama'a: nawa ne kuɗin shiga, nawa ne zubin mako, mece ce tarar wanda ya ƙi zuwa aiki, me za a ba wanda ya fita. Rajista a ofishin ƙungiyoyin gama-kai na jiha tana da amfani, kuma dokar tarayya ta 1993 mutum goma ta nema a ƙalla, amma a bari sai an yi damina ɗaya tare an ga masu gaskiya.

Maganar fili ita ce ta fi kashe ƙungiyoyi, kuma ita aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Wani ya ba da aron gona da baki. Yara su share, su zuba takin gida, su cire ƙuduji. Da ƙasa ta farfaɗo, a damina ta biyu sai mai gona ko magadansa su ce suna son abinsu. Saboda haka a rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa ko dagaci, da shaidu, ta damina uku a ƙalla, a faɗi iyakoki, a faɗi ko aro ne ko haya, a kuma faɗi wanda ke da karan dawa da harawa bayan girbi. Wannan na ƙarshen kaɗai ya isa ya raba zumunci.

Gonar ƙungiya kada ta yi girma a shekarar farko. Rubu'in hekta ya isa, wato mita 50 tsawo, mita 50 faɗi. Idan masara ce, iri kilo 5 zuwa 6 zai rufe ta. Tsakanin kunya da kunya santimita 75, tsakanin rami da rami santimita 25, tsiro ɗaya a rami. Haka zai ba da kunya wajen 66, kowace da rami 200. A yanke sanda biyu daidai waɗannan ma'aunai, a ƙulla igiya, kowa ya koyi shuka da su. Kafin ranar shuka a gwada irin: a ƙirga ƙwaya 100, a shuka a kwano ko a jiƙaƙƙen buhu, a ƙirga waɗanda suka tsiro bayan mako ɗaya. Idan ba su kai 85 ba, a mayar wa dillali. Inda ƙuduji ya yi yawa a nemi irin da ke jure masa, irin su SAMMAZ 15 na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru. Taki buhu biyu na NPK 15-15-15 cikin mako biyun farko, sai yuriya kilo 30 zuwa 33 a mako na biyar ko na shida. A tona ɗan rami a gefen tsiro, tazarar yatsu uku ko huɗu, a zuba a rufe. Yuriyar da aka watsa a sarari iska ce ke shan rabonta, wadda ta taɓa tsiro kuma ƙona shi take yi. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda aka fara gani a Najeriya a 2016, tana buƙatar a riƙa zagaya gona sau biyu a mako ana leƙa tsakiyar ganye, domin idan ta girma ta nutse ciki magani ba ya samunta da kyau. Feshi kuma aikin manya ne, da takalmi da safar hannu da abin rufe hanci. Kada a ba yaro ƙarami tanki.

A bar kunya biyar a gefe a noma su yadda aka saba a gida. Ranar girbi a auna su dabam a gaban iyaye. Mudu ya fi lacca shiga kunnen dattijo.

Bayan gonar tarayya, kowane memba ya riƙe gayaunarsa: kunya goma na wake, ko rago ɗaya na turka, ko kaji biyar. A nan ne ake gane wanda ya koya. Mai turka ya sayi rago mai ƙashi, ya ba shi maganin tsutsar ciki a makon farko, a yi masa rigakafi, sannan harawa, dusa, kowar wake da ɗan gishiri na kwana 90 kafin Babbar Sallah. 'Yan mata su ma su samu reshensu ƙarƙashin uwar ƙungiya da iyaye suka yarda da ita, da kiwon awaki ko matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma dokar ƙungiyar ta faɗi a fili cewa wadda aka yi wa aure za ta karɓi kasonta cikakke.

Sai kuɗi. Littafi uku ake buƙata: na halartar aiki, na shiga da fitar kuɗi, na kayan ƙungiya. Ma'aji ba ya rubutu, sakatare ba ya riƙe kuɗi. Idan an buɗe asusun banki, mutum uku su sa hannu, ba a cire ko kwabo sai da biyu. A kowane taro a karanta abin da ya rage da babbar murya. Rabon riba ya bi kwanakin aiki da ke cikin littafi, domin idan wanda ya zo sau huɗu ya karɓi daidai da wanda ya zo sau ashirin, baɗi ba za ka ga na biyun ba. Kuma kafin a raba komai a ware kuɗin iri da takin baɗi. Ƙungiyoyi da yawa a nan suke mutuwa: an sayar a kaka lokacin da farashi ya faɗi, an rabe duka, watan Mayu ya zo asusu wayam. Wake zai iya jiran farashi watanni a buhun PICS mai ninki uku ba tare da magani ba, muddin ya bushe sarai, an matse iska, an ɗaure ledojin ciki biyu kowace dabam.

A yi lissafin shekara da zaɓe da zarar an gama girbi, kafin samari su tafi cirani. Idan aka bari sai Janairu, sakatare yana Legas, littafi yana ɗakin da ya kulle.

Roƙonmu ga hukumomin raya aikin gona na jihohi, irin su KNARDA a Kano, shi ne su ɗora wa kowane malamin gona ƙungiyoyi biyu ko uku da zai riƙa ziyarta duk mako biyu a damina, su kuma buƙaci ganin gona da littafin lissafi kafin su ba wata ƙungiya tallafi. Cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS da ke Zariya kuma ta taimaka da ƙananan littattafan lissafin gona da Hausa, waɗanda sakatare mai ilimin firamare zai iya cikewa.

Wassalam.

Wasu malaman gona, daga Zariya