Amsa ga Baba maharbi: ba karnukanku ne suka kawo tundurmi ba

Baba, barkanku da hutawa, ina gajiyar daji?

Ranar Lahadi kun buga waya gidan rediyo kuka ce a tambayi likitan dabbobin nan, wato ni: wai da gaske ne sauro na kwaso tsutsa daga jikin kare ya zuba wa mutum? In haka ne, ku rabu da karnukan farautarku ke nan, tunda ƙafar maƙwabcinku ta kumbura, unguwa kuma ta sa wa gidanku ido? Lokacin shirin ya ƙare ban samu layi ba, shi ya sa na rubuto.

Maganar tana da tushe. Akwai tsutsar da ake kira Dirofilaria, kala biyu aka fi sani. Ɗaya tana zama cikin zuciyar kare da jijiyoyin huhunsa, macenta kan kai santimita 30. Na gan ta cikin kwalba lokacin karatu, fara sol, a cukurkuɗe kamar taliya, ranar ban iya cin abincin rana ba. Ɗayar a ƙarƙashin fata take zama. Sauro ya sha jinin kare, 'ya'yan tsutsar su yi kamar mako biyu a cikinsa, sai ya kai su gaba. Amma jikin ɗan Adam ba gidanta ba ne, da wuya ta hayayyafa. Yawanci ƙullutu take bari a fata ko kusa da ido, ko ɗan tabo a huhu wanda sai hoto ke nunawa. Italiya da Yukiren da Siri Lanka sun san ta sosai.

Tundurmi da gwaiwa kuwa, in tsutsa ce sanadi, wata ce daban mai suna Wuchereria bancrofti. Wannan ba ruwanta da kare ko akuya, daga mutum zuwa mutum take tafiya, sauro ne ɗan aike. A ƙasashenmu ma sauron zazzaɓin nan ne dai da ke tasowa da damina a bakin Gulbi da Madarunfa. Tsutsar tana shekara 6 zuwa 8 a hanyoyin ruwan jiki tana ɓata su, 'ya'yanta kuma da dare suke fitowa cikin jini, daidai lokacin da sauro ke yawo. Wata 'yar'uwarta a Malesiya da Indunisiya tana shiga kyanwa da biri, ƙila can labarin ya samo asali.

Don haka ku rataya sange, ku soke bakinsa ƙarƙashin katifa, ba a bar shi yana lilo ba. In masu rabon magani sun zo da sandar awon tsayi, ivermectin da albendazole ne, a sha a gabansu, ban da masu ciki da ƙananan yara. Da irin wannan rabon Togo ta rabu da cutar a 2017. Maƙwabcinku ya je lokotoro ya duba shi, don ba kowane kumburi ne tundurmi ba. In shi ne, wanke ƙafar da ruwa da sabulu kullum, har tsakanin yatsu, da ɗaga ta in ya kwanta, yana rage masa azaba ƙwarai.

Karnukan kuma ku kawo mini su. Abin da ke hana ni barci game da su haukan kare ne, kuma na tabbata bana ba a yi musu allura ba.

Naku,
likitan dabbobi, Maraɗi