Rahoton Ayyukan Shekara: Karatunmu kan Leburorin Gonakin Shayi

'Yan uwa mambobin ƙungiyarmu ta karatu, assalamu alaikum.

A babban taron bara muka tsayar da shawarar cewa bana za mu duƙufa kan ƙagaggun labaran da suka shafi Tamilawa leburorin gonakin shayi. Ga yadda shekarar ta kasance.

Tarihi ne ya cinye zamanmu na farko-farko, don ba wanda zai gane labaran sai ya san tushensu. Tun shekarun 1820 Turawan Ingila suka fara kwaso mutanen nan daga kudancin Indiya zuwa tsaunukan Silon, wato Sri Lanka ta yau, don noman kofi. Da cuta ta gama da kofin bayan 1869 sai aka koma shayi. Dokar zama ɗan ƙasa da Silon ta yi a 1948 ta bar su ba ƙasa, yarjejeniyar 1964 tsakanin firaministar Silon Sirimavo Bandaranaike da takwaranta na Indiya Lal Bahadur Shastri kuma ta yanke a tura mutum 525,000 Indiya, alhali da yawansu ba su taɓa taka ta ba. Sai a 2003 ragowar suka samu takardun zama 'yan ƙasa. Da aka ambaci cewa Thomas Lipton ya sayi gonaki a Silon a 1890, sai da wasunmu suka sake kallon kofin da ke gabansu.

Littattafai biyu muka kammala. Red Tea na P. H. Daniel (1969) a tsaunukan Anamalai na Indiya yake. Marubucin likitan gonakin ne, kuma hakan ya fito a rubutunsa: zazzaɓin sauro, bashin da dillali ke ɗaure lebura da shi tun kafin ya bar ƙauyensu, ɗakunan jeri marasa iska inda iyali guda ke cunkushe a ɗaki ɗaya. Na biyun na Kokilam Subbiah ne, ta rubuta da Tamilanci a 1964, daga baya ta mayar da shi Turanci da sunan Mirage.

A nan aka yi ta kai ruwa rana. Wasu na ganin tausayin likitan ya yi yawa har mutanensa suka koma majinyata kawai, sai dai a yi musu abu, su ba sa yi. A wurin Subbiah kuwa mata na faɗa, suna gulma, suna lissafin ganyen da aka rage musu a sikeli. Kwamiti ya fi karkata ga wannan ra'ayi, kodayake mambobinmu ma'aikatan jinya ba su yarda ba, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce.

Shirin fassara babi ɗaya zuwa Hausa bai yiwu ba, saboda ba mu samu izini ba tukuna.

Kuɗin wata-wata ya ja baya tun bayan damina. Ma'aji zai karanto bayani a taro, masu bashi a taimaka. Baɗi in Allah ya kai mu muna son gajerun labaran Theliwatte Joseph, marubucin Tamilanci daga yankin gonakin shayin Sri Lanka, wanda ya rasu a 2022. Duk mai hanyar samun fassararsu ya tuntuɓi sakatare.

Wassalam,
Kwamitin Gudanarwa