Lambunan shaƙatawa da masu keken guragu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana kan lambunan shaƙatawa da jama'a ke tururuwa cikinsu lokacin Sallah, da irin wahalar da masu keken guragu ke sha a can.

Yayata tana kan keke tun da shan-inna ta same ta tana ƙarama. Ranar da muka kai ta wani lambu a garinmu, matakala ce ta fara tare mu a bakin ƙofa, sai da samari suka ciccibi keken. A ciki kuma an zuba tsakuwa a hanyoyi, ƙananan tayoyin gaba sai nutsewa suke yi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne banɗaki. Ƙofar ta yi ƙunci, keke ba ya shiga. Babbar mace, uwar 'ya'ya, haka ta wuni tana ƙin shan ruwa cikin zafin nan don kada ta matsu.

Alhali akwai doka. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024.

Gyaran bai fi ƙarfin masu karɓar kuɗin shiga ba: gangara marar tsauri a gefen matakala, ƙofa mai faɗin santimita 90, da hanyar siminti ko da guda ɗaya ce zuwa inuwa. Ina kira ga hukumar kula da masu buƙata ta musamman ta ƙasa da ta zagaya lambunan nan kafin Babbar Sallah.

Wassalam,
Wata mai karatu daga Kano